ƘASAR DA TA AIKO 'YAN MISHAN, YAU ITA KE NEMAN MAI YI MATA WA'AZI

A cikin shekarar 1974 ne wani dattijon Bature, Bishof Lesslie Newbigin, ya ajiye aiki a birnin Madras na ƙasar Indiya, shi da maiɗakinsa Helen suka ɗaura kayansu suka kamo hanyar gida Ingila. Maimakon su hau jirgi kamar yadda manyan ma'aikata su kan yi, sai suka riƙa bin motocin haya na talakawa, yau su kwana wannan gari gobe wancan. Duk inda Lahadi ta riske su, su kan sami Kirista ko da 'yan ƙalilan ne su yi sujada tare, sai a yankin Kafadokiya na ƙasar Turkiyya, inda suka duba gabas suka duba yamma ba su sami kowa ba, suka yi addu'arsu su biyu rak. Ga shi kuwa Kafadokiyan nan a zamanin dā matattarar manyan malaman Kirista ce, sunanta ma yana cikin Littafi Mai Tsarki. Abin ya tsaya wa dattijon a rai ƙwarai da gaske, domin ya gani da idonsa ashe addini ya kan kafu a ƙasa shekaru aru-aru, sa'an nan ya tashi ya bar kango.

Da ya iso Ingila sai ya tarar wannan tunani ya riga shi zuwa gida.

Shi dai Newbigin an haife shi ne a garin Newcastle cikin 1909, ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, cikin 1936 kuma Ikkilisiyar Sikotlan ta aika shi Indiya aikin mishan. Ya koyi harshen Tamil har ya ƙware. A garin Kanchipuram ya kan tafi zauren malaman addinin Hindu mako-mako, su zauna a ƙasa su karanta littattafansu, sa'an nan su karanta Bisharar Yohanna, kowa ya faɗi fahimtarsa. Cikin 1947, yana da shekara 37, aka naɗa shi bishof a sabuwar Ikkilisiyar Kudancin Indiya. Watau dai mutumin ba baƙo ba ne wajen zama da waɗanda ba su yarda da addininsa ba, ya sha musu, ya sha tambayoyi masu wuya, ba su taɓa firgita shi ba.

Bayan ya komo ya yi shekara 5 yana koyarwa a kwalejojin horar da 'yan mishan na Selly Oak a birnin Birmingham. Ana nan sai wata rana yana shugabancin wani taron ikkilisiyarsu aka kawo shawarar a rufe wata tsohuwar majami'a a unguwar Winson Green, daura da babban gidan kurkukun birnin, saboda masu zuwa sujada sun ƙare sai 'yan tsirari. Dattijon ya ƙi amincewa. Da aka rasa wanda zai riƙe wurin, sai ya ce shi zai riƙe, ba albashi. Ya kama aiki cikin 1980 yana da shekara 70, ya yi shekara 8 a kai, daga baya ma ya gayyato wani fasto ɗan Indiya ya zo ya taya shi.

A nan ne ya ga abin da bai gani a Indiya ba. Unguwar cike ta ke da baƙi 'yan asalin Indiya da Fakistan da tsibiran Karibiyan, gauraye da Turawa talakawa. In ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan Sikh ko ɗan Hindu, sai a yi masa maraba a shigar da shi ciki, a yi ta hirar Allah da lahira ba gajiya. In kuwa ƙofar ɗan'uwansa Bature ce, sau da yawa ko zaure ba ya wucewa. Ba zaginsa a ke yi ba, ba a kuwa jifansa. Kallon da a ke yi masa shi ne irin wanda a ke yi wa mai tallan kayan da aka daina yayi. Ya sha faɗa cewa wannan raini mai sanyi ya fi masa hamayyar fili wuyar sha'ani. Wani abin da ya lura da shi kuma shi ne, matalautan Madras da ke kwana cikin bukkoki suna da sa zuciya cewa gobe za ta fi yau, amma samarin Ingila masu ci su ƙoshi ba su sa ran kome.

KOWA DA GASKIYARSA

Mai karatu zai so ya san yadda aka yi ƙasar da ta aiko irin su Likita Walter Miller zuwa Zariya, mutumin da ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa har aka buga shi cikin 1932, ta koma haka.

Asalin maganar yana da nisa. Tun wajen shekara 300 da suka wuce masanan Turai suka ɗora dogaronsu a kan hankalin ɗan Adam da binciken kimiyya. Suka ɗauka cewa da ilmi da na'ura za a kawar da jahilci da cuta da yaƙi, duniya ta yi ta ci gaba ba tsayawa. To, sai ga yaƙin duniya na 1914 da na 1939, waɗanda ƙasashen da suka fi kowa ilmin ne suka haddasa su. Sai ga bom ɗin nukiliya a Hiroshima cikin 1945, wanda manyan masana ne suka ƙera shi. Gurguzu ma da ya yi alkawarin aljannar duniya ya rushe a gabashin Turai cikin 1989. Tun kafin rushewar tasa, cikin 1979, wani masani Bafaranshe mai suna Jean-François Lyotard ya rubuta cewa alamar wannan sabon zamani ita ce mutane sun daina gaskata duk wani babban labari da ke da'awar shi kaɗai ya bayyana asalin ɗan Adam da makomarsa, ko na addini ne, ko na siyasa, ko na kimiyyar kanta. Wannan hali shi ne masana suka laƙaba wa suna fosmodan, watau zamanin da ya biyo bayan zamanin dogaro ga wayewa. In za a faɗe shi a taƙaice da Hausa, zamanin "kowa da gaskiyarsa" ke nan.

Ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta nuna inda aka kwana. Cikin 2001 kusan kashi 72 cikin 100 ne suka rubuta cewa su Kirista ne. Cikin 2011 suka sauko zuwa kashi 59, cikin 2021 kuma kashi 46, karo na farko ke nan da suka gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini ko kaɗan sun kai kashi 37. Tsofaffin majami'u da yawa an sayar, waɗansu sun zama gidajen haya, waɗansu mashaya, waɗansu ɗakunan ajiye kaya, waɗansu kuma masallatai.

Wahalar mai wa'azi a irin wannan wuri daban ta ke da ta dā. A dā, mai ƙin addini ya kan ce a kawo masa hujja, a zauna a yi ta fafatawa, ko ya kā da kai ko ka kā da shi. Na yanzu ba ya musu. Ka gama bayaninka tsaf, sai ya yi murmushi ya ce madalla, tun da abin yana taimakonka ka riƙe shi, shi kuma yana da nasa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yaya za a yi kokawa da wanda ya ƙi shiga fili? Amma wannan sauƙin kai yana da iyaka. Ranar da mai wa'azi ya ce abin da ya kawo gaskiya ce ga kowa da kowa, ran nan fuska za ta canza, a ce yana neman ya mallake mutane ne, a tuna masa cinikin bayi da mulkin mallaka da limaman da suka lalata yara aka rufa musu asiri. Zargin nan kuwa ba duka ne ƙage ba. Cikin Nuwamba 2024 Babban Limamin Canterbury kansa, Justin Welby, ya sanar da murabus bayan wani rahoton bincike ya nuna ikkilisiyarsa ta yi sakaci da batun wani mutum da ya daɗe yana azabtar da samari. Wanda ke ɗauke da irin wannan kaya a kā, ba ya shiga gidan mutane da ɗaga murya.

Musulmin da ke zaune a can ma wannan iska ba ta ƙyale 'ya'yansu ba, sai dai wannan zance ne na wata rana.

AMSAR DATTIJON

Newbigin ya kan ba da labarin wani taron mishan da aka yi a birnin Bankok na ƙasar Tailan a farkon 1973, inda ya zauna kusa da Janar Simatupang, tsohon hafsan hafsoshin sojan Indonesiya, wanda Kirista ne. Ana cikin muhawara sai ya ji Janar ɗin yana gunaguni shi kaɗai, wai babbar tambaya ita ce ko Turawan Yamma za su tuba kuwa. Wannan tambaya ce ya riƙe har ƙarshen ransa, ya yi ta rubuce-rubuce a kanta, mafi shahara shi ne littafinsa na 1989 mai suna The Gospel in a Pluralist Society, watau bishara a cikin jama'a mai addinai da ra'ayoyi barkatai.

Abin da ya gano shi ne Bature ya raba duniya gida biyu. Akwai abubuwan da ya kira tabbatattu, kamar lissafi da nisan rana da yadda ƙwayar cuta ke yaɗuwa, waɗannan a ke koya wa kowane yaro a makaranta ba a tambayar ra'ayinsa. Sa'an nan akwai abubuwan da ya kira ra'ayi, nan ya jefa tambayar me ya sa aka halicci mutum, da mene ne nagarta, da ina za a bayan mutuwa. Waɗannan an mai da su kamar zaɓen launin riga. Ikkilisiya kuma, in ji shi, ta karɓi wannan rabo ba gardama, ta koma lungu ta zauna, ta zama kulob na masu sha'awar abin.

Don ya rushe wannan katanga sai ya ɗauko aikin Michael Polanyi, wani masanin kimiyyar haɗa magunguna ɗan asalin Hangari da ya koyar a Jami'ar Manchester. Polanyi ya nuna cewa shi kansa mai binciken kimiyya da amana ya ke farawa: ya amince da malaman da suka koya masa, da littattafan da bai gwada abin da ke cikinsu da kansa ba, da na'urar da wani ya ƙera. Ba wani sani da ke tsaye ba bisa wata yarda ba. Saboda haka, in ji Newbigin, Kirista ba shi da dalilin jin kunyar faɗin abin da ya gaskata a bainar jama'a, a kasuwa da majalisa da jami'a. Amma ya gindaya sharaɗi mai nauyi. Ba za a koma zamanin da ikkilisiya ke jingina da sarki da takobi ba. Matsayin Kirista na mai ba da shaida ne a gaban alƙali: ya faɗi abin da ya gani, yanke hukunci ba nasa ba ne.

Maganarsa da ta fi yawo ita ce ta tafsiri. Baturen yau ba zai buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ba zai kuwa tsaya sauraron mai wa'azin bakin titi ba. Tafsiri ɗaya tak da ya rage masa shi ne zaman jama'ar majami'ar unguwarsu: yadda su ke riƙon juna, da yadda su ke yi da maƙwabcin da ba nasu ba. In wannan tafsiri ya ɓaci, ba wani littafi da zai gyara.

ABINCI KAFIN MAGANA

Waɗanda suka fi cin nasara a wannan fage su ne mutanen majami'ar Holy Trinity Brompton da ke wata unguwar masu hali a Landan. Cikin 1977 suka fara wani ɗan darasi mai suna Alpha saboda sababbin masu bi. Cikin 1990 wani tsohon lauya da ya zama limami, Nicky Gumbel, ya karɓi ragamarsa, ya kuwa lura cewa waɗanda ba su zuwa sujada sam suna lallaɓowa ajin, sai ya juya shi ya fuskance su.

Tsarin ba wuya. Mako-mako har kamar mako 10, a taru da yamma a fara cin abinci tare, sa'an nan wani ya yi gajeren jawabi a kan tambaya ɗaya, misali wane ne Yesu, ko me ya sa ya mutu, ko yaya a ke addu'a. Daga nan a kasu ƙungiya-ƙungiya, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Dabarar tana wajen mai kula da ƙungiyar, domin an hore shi kada ya yi gardama, kada ya yi saurin gyara wa baƙo magana ko da ya ce duk abin tatsuniya ce. Ba a karɓar kuɗin shiga, wanda ya daina zuwa kuma ba a binsa gida. Mutumin da ya tsani a yi masa huɗuba, ga shi an ba shi tuwo an kuma saurare shi, sau da yawa ya kan dawo mako na gaba. Darasin ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 100, Katolika da Angilika da Fentikos duk suna amfani da shi, har cikin gidajen kurkuku. Shi Newbigin ma a ƙarshen ransa, idonsa ya raunana, ya kan je wannan majami'a ya ba da lacca, mutanenta kuma su kan zo gida su karanta masa littattafai, har ya rasu cikin Janairu 1998.

Masu suka ba su rasa abin faɗa ba. Waɗansu malaman Kirista na ganin an rage wa maganar zunubi da hukunci ɗaci don kada baƙo ya ƙware, waɗansu kuma na cewa abin ya fi karɓar 'yan boko masu albashi. Tsoron nasu yana da tushe, domin an ga inda bin zamani ya kai mutane ya baro. A birnin Sheffield cikin 1986 aka fara wata sujada ta ƙarfe 9 na dare, da kiɗa da fitilu irin na gidan rawa, samari da 'yan mata suka yi ta tururuwa ɗari-ɗari. Manyan ikkilisiyar Angilika suka yi ta yabo, suka gaggauta naɗa jagoran abin limami, ba wanda ya tsaya duba yadda ya ke tafiyar da mabiyansa. Cikin 1995 asiri ya tonu cewa ya daɗe yana cin zarafin matan ƙungiyar, abin ya watse. Cikar ɗaki ta rufe wa shugabanni ido.

Akwai kuma waɗanda suka bar ginin majami'a ɗungum suka fita titi. Cikin 2003 wani fasto haifaffen tsibirin Antigua, Les Isaac, ya fara aikin Street Pastors, watau fastocin titi, a unguwar Brixton ta Landan da mutum 18, galibinsu mata. Daren Juma'a da na Asabar, tun daga wajen ƙarfe 10 har kusan asuba, su kan zaga bakin mashaya da gidajen rawa cikin riguna masu shaida. Su tsince fasassun kwalabe, su ba wanda ya bugu ruwa, su ba 'yan matan da suka tuɓe dogayen takalma silifa kada gilashi ya yanke su, su zauna da mai kuka har a samo masa mota. Ƙa'idarsu ita ce ba su fara yi wa kowa wa'azi, sai in shi ya tambaya. Da ƙarfe 3 na dare kuwa, mutumin da tsohuwa ta share wa amai ba ta san shi ba, ya kan tambaya. Aikin ya yaɗu zuwa garuruwa da dama na Birtaniya, da haɗin kan 'yan sanda da hukumomin gari.

'YAN NIJERIYA A FAGEN

Wani abin da 'yan mishan na dā ba su yi mafarkinsa ba shi ne jikokin waɗanda suka yi wa wa'azi su ne yau ke cika majami'u a Landan. Ikkilisiyar Redeemed, wadda Josiah Akindayomi ya kafa a Ikko cikin 1952, tana da rassa ɗaruruwa a Birtaniya. Fasto Matthew Ashimolowo ya buɗe tasa, KICC, cikin 1992, ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. Wani bincike na Jami'ar Roehampton cikin 2013 ya ƙirga majami'un baƙar fata wajen 240 a ƙaramar hukumar Southwark kaɗai, da yawansu cikin tsofaffin shaguna da ɗakunan ajiye kaya a kan titin Old Kent Road. Da yawa daga cikin fastocin nan na cewa sun zo biyan bashi ne, su mayar wa Ingila abin da ta kai musu.

Manyan ƙasa sun san da zamansu. Yarima Charles, wanda ya zama sarki cikin 2022, ya ziyarci majami'ar Jesus House ta Redeemed cikin 2007, Firayim Minista David Cameron kuma ya halarci babban taronsu na dare cikin 2015 ana gab da zaɓe. Amma fa ziyarar manya daban, zuwan maƙwabci daban. Duk wanda ya leƙa waɗannan majami'u ran Lahadi zai ga kusan kowa ɗan Afirka ne. Baturen da ke gida na gaba ya kan san da su ne ta ƙarar lasifika da rigimar wurin ajiye mota. Sujadar awa 3, da wa'azin da a ke yi da tsawa, da yawan maganar baiko da zakka, abubuwan da ke jan jama'a a Ikko ko Jos, su ne daidai abin da ke korar mutumin da tun farko ya ke zargin addini da neman kuɗinsa da mallakar kansa. Kuskuren da 'yan mishan suka yi a nan, na haɗa bishara da kwat da wuƙa da cokali, shi ne a ke maimaitawa a can da babbar riga da ganga.

Wa'azin bakin titi ma ya zama abin hatsari. Cikin Fabrairu 2019 'yan sanda suka kama wani dattijo ɗan Nijeriya yana wa'azi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Southgate a arewacin Landan, suka karɓe Littafinsa, suka ɗauke shi a mota suka sauke shi can nesa. Daga baya hukumar 'yan sandan ta biya shi diyyar fam 2,500.

Waɗansu fastocin sun fara sake lale. Suna buɗe rumbunan raba abinci ga mabukata ba tambayar addini, suna kai kayan Kirsimeti gida-gida, suna shiga aikin fastocin titi, suna rage tsawon sujada. Abin da ya tilasta musu kuwa ba Baturen waje ba ne kaɗai. 'Ya'yansu da aka haifa a can, waɗanda suka yi makaranta tare da 'ya'yan Turawa tun daga aji ɗaya, sun fara dawowa gida suna gaya wa iyayensu, cikin ladabi, cewa addinin Baba gaskiyar Baba ce.